Wanzamin Kyanwa

Ina tsaye a danja a unguwar Ulaya, nan Riyad, ranar Talata bayan la'asar, da wani injiniyan kamfaninmu a bayan mota, Dokta Rahma, ɗalibar Dokta Habibu, ta kira ni. Ita a Riyad aka haife ta, Hausarta sai ta yi tunani take fitowa, don haka da Larabci ta fara. Da ta ji ban gane ba sai ta maimaita da Hausa a hankali: Baba Dokta ya faɗi a wurin aiki, an kai shi asibiti a unguwar Shumaisi, Allah ya karɓi abinsa. Na yi salati. Na kai injiniyan har ƙofar gidansa. Da zai sauka ya tambaye ni ko mukayyif, wato AC ɗin motar, ya lalace ne, don duk ya jiƙe da gumi. Na duba, ashe ni na kashe shi, ban san lokacin da na kashe ba.

Ku da kuka taɓa ɗaukar Dokta Habibu a mota kun san dalili. Bai yarda da iska mai sanyi ba. Yakan ce ta ƙeya take shiga ta zauna a ƙashi. A tsakiyar zafin garin nan, lokacin da ko sitiyari ba ya taɓuwa, zai shigo da fulas ɗinsa na ruwan ɗumi ya ce a kashe. Shekara takwas muna ɗaki ɗaya a Shumaisi, shekara biyar daga ciki na yi su kamar dankali a tukunya.

Taubashina ne. Mahaifinsa yayan mahaifiyata ne, saboda haka tun muna yara a Malumfashi nake da izinin yi masa tsiya, shi ma yana da nasa. Ban ga dalilin da mutuwa za ta ƙwace mini wannan izinin ba.

Da can mutum ne mai hankali. Likitan dabbobi ne na gaske, a Zariya ya yi karatu, ya daɗe yana duba shanu kafin ya zo nan wani asibitin dabbobin gida, inda yawancin marasa lafiyar kyanwoyin masu hali ne. Sai ya tafi ƙasar Sin kwas na wata huɗu. Ya dawo da akwatin allurai, da karen roba wanda aka yi wa ɗigo-ɗigo a jiki, da wancan fulas. Alluran sirara ne kamar gashi, ba rami, ba ruwan magani. Tsira su kawai ake yi a wasu wurare a jiki, a bar su na ɗan lokaci, a cire. Ranar na raɗa masa Wanzamin Kyanwa. Na tambaye shi abin da allurar da babu komai a cikinta za ta kai wa jiki.

Ya ce, "Kai ma babu komai a kanka, Direba, amma kana kai mutane inda za su."

Daga nan kuma ba a ƙara gaisawa da shi cikin kwanciyar hankali ba. Ka ce masa ina kwana, ya ce ka fito da harshenka. Wai a harshe ake ganin ciwo, na mutum da na dabba. A wani taron suna da aka yi a istiraha, gidan da ake haya don biki, ya sa wani dattijo mai furfura ya zaro harshe a gaban surukansa, ya duba, ya girgiza kai, ya ce saifarsa ta yi danshi, kada ya kuskura ya ci farantin shinkafar kabsa na biyu. Dattijon ya janye hannu a tsorace. Habibu ya jawo farantin gabansa ya cinye, don a cewarsa zubar da abinci haramun ne.

Duk wannan wasa ne a kan abin da ya sa a ransa. Burinsa ɗaya: ya yaye likita ko da guda ne wanda ya iya aikin, kada ya mutu da shi a hannu. Ya yi ta damun kafilinsa, wato ubangidansa Abu Fahad, mai asibitin, har ya ba shi wani ɗaki a baya inda ake yi wa kyanwoyi wanka. An ba shi ɗakin kowace Asabar, shekara ɗaya. Sharaɗin a fili yake. In a ƙarshen shekarar akwai likita ɗaya da ya gama, da takarda mai sa hannun Habibu, asibiti zai buɗe sashen allurar Sin. In babu, ɗaki ya koma na wanka.

Likitoci bakwai suka rubuta suna. Ni da kaina na jera musu kujeru, don Asabar ba na aiki, shi kuma bai taɓa ganin na zauna ya ƙyale ni ba.

Wata biyun farko babu wanda ya taɓa dabba. Lemo ya ba su. Kowa da lemonsa, ya tsira allura, ya cire, ya sake tsirawa, shi kuma yana zagayawa yana tsaki. Wani likita ɗan Masar ya miƙe ya ce bai yi shekara shida a jami'a don ya zo yana sukar kayan marmari ba. Habibu ya ɗauki lemon mutumin ya juya shi, ya ce lemon ya fi shi haƙuri, kuma da alama ya fi shi fahimtar darasin. Mutumin ya fita, abokinsa ya bi shi. Lemon kuwa ba a zubarwa. A leda yake tattaro su ya kawo gida. Lemon da ya sha allura arba'in, in ka matsa shi, ta ko'ina yake fesa maka ruwa. Na ce masa ko tsuntsu ba zai ci wannan ba. Ya ce lemon da aka yi wa magani ya fi wanda ba a yi wa ba lafiya. Na sha, me zan yi.

Saura biyar. Sai ya fito da dokarsa ta biyu: babu mai tsira wa dabba allura sai shi Habibu ya tsira masa tukuna. Ya ce kyanwa ba ta da bakin faɗin inda ya yi mata zafi, dole mai allurar ya sani a jikinsa. Dokta Bala, namu ne na gida, ƙato wanda ke kayar da bijimi shi kaɗai, shi ne na farko a layi. Ya miƙa hannu, ya ga allurar ta nufi tsakanin babban yatsa da manuni, sai ya janye ya ce kamar ya ji kiran salla. Ƙarfe goma na safe. Ya fita neman masallaci, har yau bai idar ba.

Akwai kuma ranar da ya kunna wani ganye mai hayaƙi da ake ɗumama jiki da shi. Ƙararrawar gobara ta ɗauka, ma'aikata suka yi waje da keji a hannu, kyanwoyi na ta ihu a bakin titi, shi kuwa yana ciki yana ci gaba da bayani. Mutum biyu ba su dawo ba bayan wannan. Na uku ya nemi canjin aiki zuwa Jidda.

Ni ma ban tsira ba. Tuƙi ya ba ni ciwon baya, wata rana na yi kuskuren yin nishi a gabansa. Ya sa na kwanta rub da ciki, ya ɗora karen robar nan a kan kujera kusa da kaina, yana duban kare yana duban bayana. Na tambaye shi ko ba shi da zanen mutum. Ya ce kwas ɗin da ya yi na ƙananan dabbobi ne, kuma bai ga wani bambanci mai yawa ba, sai dai wutsiya. Allura tara ya tsira mini. Washegari na sunkuya na ɗaura takalmi ba tare da na dafa bango ba. Da ya tambaye ni, na ce babu abin da ya canja. Ban taɓa gaya masa gaskiya ba.

Dokta Rahma kaɗai ta rage. Ba don yana lallaɓa ta ba. Kullum faɗa yake mata wai hannunta yana neman izini kafin ya shiga, in ta fusata ta juye zuwa Larabci, shi kuma ya ce ta yi masa Hausa don ya san ko zaginsa take. Ita ta tsaya aka tsira mata allurar, ba ta ko ƙifta ido ba.

Jarrabawarta wata tsohuwar kyanwa ce mai suna Mishmish, ta wata dattijuwa a unguwar Murabba. Ƙafafunta na baya sun mutu, jan su take yi. An kai ta wurare biyu, duk sun ce a hutar da ita. Habibu ya fara da tambayoyinsa: rana take so ko tayil mai sanyi, tana da fushi ko tana da tsoro. Sannan ya buɗe mata baki zai duba harshe, ta gantsara masa cizo a yatsa. Ya duba jinin ya ce hanta ce, kyanwar tana da zafin hanta. Na ce duk halittar da ka ja wa harshe za ta yi zafin hanta. Ya ce tunda na iya magana, ni zan riƙa riƙe ta. Wai hannuna yana da ɗumi, kuma ba na tunani, dabba tana son haka.

Ya yanke zama goma sha biyu, Asabar goma sha biyu. Rahma ce za ta yi komai, shi zai zauna. Kuma ya zauna, hannayensa a ƙarƙashin cinyoyinsa don kada su miƙa kansu. Na sha ganin leɓensa yana motsi. Zama huɗu ba abin da ya faru, ni kuwa ina shan yaƙushi ina yi masa dariya. A na shida wutsiya ta motsa. A na tara, Rahma na cire allurar ƙarshe, Mishmish ta zame daga hannuna ta dira ƙasa, ta taka har bakin ƙofa tana ɗingishi. Dattijuwar ta zauna a ƙasa tana hamdala. Rahma ta juya ta dube shi.

Ya ce, "Ƙafar hagu tana makara."

Abin da ya faɗa ke nan. A nan ne kuma matsalar take. Shekarar da Abu Fahad ya bayar za ta cika a ƙarshen watan, bayan zama na goma da kwana biyu. Abu Fahad ya zo da kansa, ya ga kyanwar tana tafiya, ya ce khalas, ya gamsu, a sa hannu yau a buɗe sashe. Kwana ɗaya dai ba zai ƙara ba, don masu wankan kyanwa sun dame shi. Rahma ta ce, "Baba Dokta, ka sa mana. Sauran ukun zan yi, wallahi." Ya ce sha biyu ya ce. Ya ɗauki fulas ɗinsa ya fita.

A mota na buɗe masa wuta. Ba wasan taubashi na yi ba ranar. Na ce ya kori mutum shida da lemo da hayaƙi, Allah ya bar masa ɗaya, yanzu zai rasa ɗakin ya ɓata wa yarinya shekara guda saboda Asabar uku. Na ce taurin kai ne, ba ilimi ba.

Sai da muka wuce Murabba ya ce, "Isiyaku, in na sa hannu a tara, duk kyanwar da za ta taɓa nan gaba tara za ta samu."

Da wuya yake kirana da sunana. Na ce masa wannan maganar banza ce, kuma har yanzu ina ganin akwai banza a cikinta. Ya ce zai je ya roƙi Abu Fahad sati biyu. Mutumin da bai taɓa roƙon ko gishiri ba. Ban yarda zai je ba. Da muka isa gida ya ce ranar Asabar in yanke farce, wai ina takura wa kyanwar.

Ranar Talata ya faɗi. Ma'aikata sun ce a ƙofar ofishin Abu Fahad ne, yana tsaye yana jira a gama waya a ciki.

A nan Riyad muka binne shi. Kun zo, kun gani, Allah ya saka muku. Bayan kwana uku ni da Rahma muka buɗe aljihun teburinsa. Takardar tana ciki, an buga sunanta da Larabci da Turanci, ya sa ta a leda don kada ta yi datti. A ƙasa ya rubuta kwanan wata da fensir, na Asabar ta goma sha biyu.

Abu Fahad ya zo gaisuwa, ya yi kuka sosai, bai ce komai a kan ɗakin ba, mu ma ba mu tambaya ba. Jiya dai na ga bututun ruwan wankan kyanwa a jingine a ƙofar ɗakin. Rahma ta yi zama na goma ranar Asabar, ni na riƙe kyanwar. Ban ga hannunta ya nemi izinin kowa ba. Kujerarsa muka bari inda take.

Allah ya jiƙanka, ɗan Kawu. Allah ya yafe maka taurin kanka, ya yafe mini bakina. Dabbobin da ka sauƙaƙa wa ciwo, waɗanda ba su iya godiya ba, Allah ya sa su a mizaninka. Ya sa kabarinka ya yi maka daɗi, ba zafi, ba kuma sanyin da ba ka so.

Saura zama biyu a yi wa Mishmish. Takardar tana wurina, ba a sa mata hannu ba.