Harshen Yaya Vernon

Yayana Vernon direban motar abincin dabbobi ne har ya yi ritaya, babu ƙauyen da bai taka ba a arewacin Indiana. Amma ba da tuƙi aka san shi ba, da harshe ne. In kana neman inda ake soya naman bayan alade na kirki, wanda aka buga da hannu har ya yi faɗin faranti, burodin sanwicin ya zauna a tsakiya kamar hular yaro a kan ƙato, to Vernon za ka tambaya. Ko a wajen jana'iza sai ka ga an ja shi gefe ana tambayarsa. Bai taɓa aure ba. Na sha faɗa masa babu macen da za ta zauna da mutumin da zai yi tafiyar rabin yini don sanwici, ya dawo yana ƙorafin man suya.

Bara aka gano ciwon daji a maƙogwaronsa. Aka yi ta gasa wurin da na'ura a asibiti, ciwon ya tafi, ya tafi masa da ɗanɗano. Duk abin da ya sa a baki, in ji shi, jiƙaƙƙen kwali ne. Likita ta ce wataƙila ɗanɗanon ya dawo, wataƙila kuma shi ke nan. Vernon rabin farko kawai ya ji.

Tun daga nan duk Asabar ni ke jansa a mota, don ƙarfinsa bai kai ba. Mu ratsa gonakin masara, mu zauna a wani gidan abinci, ya gutsuri gefen naman, ya tauna, ya jira. Ni ma in jira. Sai ya turo mini farantin.

"Cinye, Loretta, ki ba ni labari."

Shi yana ramewa, ni ina ƙiba. Ba ni da abin da zan yi masa, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Wata Asabar muka tarar an mayar da wurin da muka nufa shagon tayoyi. Dole muka tsaya a wani gidan mai da ke da tebura a ciki. Na zagaya bayi, sai na hango mai girkin tana zaro naman daga kwali a firiza: niƙaƙƙe, na kamfani, kowanne zagaye ɗaya da ɗan'uwansa. Irin wanda a da Vernon ko taɓawa ba ya yi, sai dai ya ɗauki hularsa ya fita.

Kafin in dawo an ajiye masa, har ya fara ci. Na ga ya daina taunawa.

"Loretta, akwai gishiri a nan." Ya ɗago ya dube ni. "Ina jin gishiri."

"Da gaske, Yaya?"

"Ke dai zauna, kina tsaye mini a ka kamar 'yar sanda. Wannan da hannu aka buga shi. Kuma ya kwana a madara mai tsami, ko ba a faɗa mini ba na sani."

Ya ɗaga hannu ya kira mai girkin, wata mata mai furfura da gajiya a fuska.

"Baiwar Allah, wa ya koya miki wannan aiki?"

Ta dube shi, ta dubi wuyan rigarsa da ya yi masa yawa, sannan ta dube ni. Na ɗan girgiza mata kai, alamar kada ta faɗi gaskiya.

"Kakata ce," ta ce.

"Ai na faɗa. Hannun tsofaffi daban ne."

Ya cinye tas, har burodin. Rabon da in ga ya gama faranti tun kafin asibiti. Ban san ko harshen ne ya dawo a karkace ba, ko son ya dawo ne ya yi masa yawa.

A mota ya gyara zama ya ce, "Gobe a coci zan gaya wa kowa. Su zo su ga ban mutu ba tukuna."

Na san za su je, don maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa a garinmu. Na kuma san abin da za su gane tun daga lomar farko, da irin kallon tausayin da za su riƙa yi masa bayan nan. Na buɗe baki zan yi magana, na ga yana lasar yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Sai na tambaye shi ko in rage sanyin motar.