Kailu Mai Gyaran Rumbu da Mesar Anasara

Kafin rana ta yi zafi, Kailu ya riga ya zagaya rumbu uku. Ya ƙwanƙwasa nan, ya leƙa can, ya toshe ramin gafiya da laka, ya wuce. Shekara talatin tsakanin Filinge da Bankuku, ban taɓa ganin ya gama shan fura a zaune ba. Bana gwiwarsa ta ce ya isa, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Shekarar da Anasara suka kafa bariki, ɗayansu ya ajiye mesa cikin keji a tsakar fili, aka ɗora mini ciyar da ita. Ta ƙi ci. Na ba ta kaza, na ba ta zabo, ko kallo. Tafintan bariki ya ce ran da ta mutu zan bi 'yan dako zuwa Tawa, hanyar da ƙanena ya bi bai dawo ba. Na kasa zaune, na kasa tsaye. Har rubutu na wanke mata, ta kau da kai.

Ana haka Kailu ya biyo, ya dube ta sau ɗaya.

"Malam Lawali, kai in anka taru bisa kanka ana kallo, ka iya ci?"

"To mi za ni yi, Baba?"

"Samo mata duhu. Kuma kaza ba abincinta na ba. Cikin rumbu nis san ta, gahiya taka bi."

Ya kife mata tsohuwar randa mai fasasshen baki, ta shige. Ya kori 'yan kallo, har da ni. Mutumin da ba ya iya zama, kwana uku yana zaune bakin keji da sanda. A na huɗu ya saka gafiya, muka ba da baya. Da azahar gafiya ta ɓace, cikin mesa ya yi tudu.

Da Anasara ya ji mesarsa ta ci, tafinta aka ba riga tukuici. Kailu ko sunansa ba a tambaya ba, kuma wannan yana cina har yau.

Kai ne ka zauna don kada in tafi, Kailu na rumbu. Ayarin 'yan dako ya tashi babu ni, rabinsa ya dawo. Na gode, Allah ya saka. Ku da ke tasowa, in kun san abu, ku tsaya ku taimaki wanda ya rikice kamar yadda ya tsaya mini.

Yanzu ka huta, Baba. Na kwaɓa laka, gobe ni zan zagaya rumbunka.