Jirgin da Ba Ya Ɗaukar Saƙo

Shekarar da autarmu ta tafi jami'a, na ce wa maigidana ko ya so ko ya ƙi sai mun yi hutu mu biyu. Likita ne, in asibiti ba ta kira shi ba, 'yan uwa sun kira. Na kama mana hayar siririn jirgin ruwan nan mai gado da murhu a ciki, wanda ke bin hanyoyin ruwan da Turawa suka haƙa tun zamanin kakanninsu. Daga Manchester zuwa Birmingham, tafiyar da mota ke gamawa kafin shayi ya huce a fulas, shi sai ya ci mako yana jan ciki. Abin da ya burge ni ke nan.

Sai maigida ya je masallaci da labarin, shi da bakinsa ba ya riƙe magana. Mutanenmu na unguwar Moss Side kuwa Birmingham kawai suka ji, kowa yana da ɗa mai karatu a can. Kafin Juma'a ta zagayo falona ya koma tasha, ga kilishi, ga bargo, har da tukunyar dafa shinkafa. Shi kuma sai "ba komai" yake ta rabawa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na hango hutuna ya koma aike, muna gararamba a unguwar Perry Barr ta Birmingham muna neman lambar gida.

Ana gobe tafiya sai ga Hajiya maƙwabciyarmu, sa'ar mahaifiyata, da kula cike da dambun shinkafa, wai na jikanta. Tunda nake ban taɓa mayar da saƙon babba ba. Na durƙusa na gaishe ta.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Mako guda za mu yi a ruwa, zai lalace."

"Mako guda? 'Yan train ɗin sun koma strike ne?"

"A'a, holiday ne kawai. Ba wurin kowa za mu ba."

Ta ƙura mini ido, har na fara da-na-sani. Can sai ta turo kular gabana.

"To ku ci a hanya. Sauran tarkacen nan a kai ɗakina, ni zan ji da masu su." Ta gyara mayafinta. "Har Alhaji ya rasu, ban taɓa tafiya da shi ba in ba biki ko ta'aziyya ba. Ku tafi, 'yata. Ko allurar wani kada ki ɗauka."