Tabawa ta Gindin Tsamiya

Duk wanda ya ci kasuwar garinmu kafin a gyara ta ya san Tabawa mai gabu. Daga Karofane take zuwa bisa jaki, ta zauna gindin tsamiya, ta jera curin busasshen ganyen albasarta, ta wuni tana faɗa da awaki da masu tayin banza. Awakin sun fi jin magana.

Ɗanta ɗaya, Alƙasim. Shekarar fari ya bi samari bida, wato ci-rani, Abijan. A nan Adar, mai dawowa daga bida ranar kasuwa yake sauka, ya bi kowa inda ya saba zama ya ba shi saƙonsa. Shi ya sa da Alƙasim zai hau kamiyo, babbar motar 'yan bida, ya ce, "Inna, ko ni ko manzona, nan gindin tsamiya za a ishe ki." Sau biyu saƙo ya zo. Daga nan shiru.

Sai aka zo gyaran kasuwa. Aka sare tsamiya, aka ja katanga, aka gina rumfunan siminti da kwano, har da famfo. Tabawa ta samu rumfa can ciki, layin kayan miya.

Halidu gardi, mai tsaron kasuwa, ya ce, "Inna, kin zama madam. Ga inuwa ba kashin tsuntsu."

Ta ce, "Kai da hularka mai kama da kasko, wa za shi gane ni nan?"

Mu muka lallashe ta ta zauna.

Wata ranar kasuwa wani baƙo ya sauka yana tambayar Tabawa ta gindin tsamiya. Mai butik, wato kantin bakin ƙofa, sabon zuwa garin, ya ce nan babu tsamiya, ya gwada kasuwar Tabotaki. Kamiyo ya tashi da baƙon. Sai la'asar labari ya kai mata.

Ta zo wurin mai butik tana haki. "Dogo ne? Yana da wushirya?"

"Wallahi Inna, ban duba ba."

Ba ta sake shiga rumfar ba. Ta koma bakin ƙofa, daidai inda itacen yake da, cikin rana. An hana zama wurin. Halidu yakan zo ya ce, "Inna, a tashi," sannan ya tsaya yadda inuwarsa za ta rufe ta.

Yanzu idonta ya yi rauni, faɗan ma ta bari. In ta ji kamiyo ya tsaya sai ta dafa ƙasa ta miƙe, tana gaya wa masu sauka, "Ni ce Tabawa. Itacen ne aka sare."