Usumanu da Tashar Japan

Ku da kuka taɓa shiga bas ɗin ƙanena Usumanu a unguwar Aziziyya, nan ƙasa mai tsarki, kun san farar safar hannun nan tasa. Kafin ya tayar da mota sai ya miƙa yatsa ya nuna madubi, ya ce, "Madubi lafiya!" Ya nuna ƙofa, "Ƙofa lafiya!" Na ce, "Kai, wa ya tambaye ka?" Ya ce, "Yaya, haka ake yi a tasha."

Tashar nan fa a Japan take! Wata shekara ya ɗauki wani alhaji mutumin can, wanda ubansa ya taɓa kula da tashar jirgin ƙasa a ƙauyensu. Shi ya ba shi safar, da hoto ɗaya: rumfar katako, benci, gonar shinkafa. Halas, shi ke nan, Usumanu ya kamu. Sunanta bakina bai taɓa iya faɗa ba, amma tarihinta dole na haddace. Don ɗaukar katako aka gina ta, aka daina saran daji, samari suka tafi birni, aka bar ta ba ma'aikaci ko ɗaya. Amma wai jirgi na tsayawa ko don mutum biyu.

Na ce, "To wa ke share ta?"

"Tsofaffin mata, Yaya. Irinki. Sai dai su ba sa faɗa."

Ran nan ya ce zai kai ni unguwar Misfala ƙarfe huɗu. Ina neman takalmina ɗaya na ji mota ta tashi. Na leƙo, ga shi yana nuna ni ta taga: "Yaya lafiya!" Ya wuce! Ni da na goya shi!

Abu ɗaya ke cinsa: kada a rufe tashar kafin ya je ya gan ta. Duk wata sai ya sa 'yarsa Maryam ta tambayi alhajin a waya. Usumanu na kwance a asibiti, ciwo ya yi tsanani, amsa ta zo: an rufe. Maryam ta raɗa mini tana share hawaye.

Ya buɗe ido ya ce, "Me ya ce? Yaya, ke nake tambaya. Ke ba kya ƙarya."

Na tsare shi da ido yadda na saba. Na ce, "Jirgi na tsayawa."

"A kan lokaci?"

"Kai, kwanta! A kan lokaci."

Ya yi murmushi ya gyara kwanciya. Bai kai Juma'a ba.

Ya Allah, ka yafe mini wannan guda ɗayar, a wuyana take ni kaɗai. Shi kuma ka jiƙansa, ka sauke shi lafiya.