Itatuwan Sulle a Gonar Aro

Sulle na Jajaye mutum ne da gatari bai taɓa jin daɗin zama a hannunsa ba. A Beli aka haife shi, gidan da maza suka yi yawa, gona kuwa ɗaya. Da aka raba gado, abin da ya samu ko akuya ta kwanta a tsakiya sai jelarta ta leƙa gonar wansa. Shi ya sa ya ɗauko matarsa Lauratu suka dawo Jajaye, inda Malam Bahauddeen, dattijo mai makarantar allo, ya ba shi aron wata gona da ƙasarta ta gaji, ko gyaɗa sai ta ga dama take yi.

Wata shekara malamin gona ya zo daga Rogo, ya ce a daina aske gona tas lokacin sassabe. Kututturen da ya yi toho, a zaɓi ƙarfafan rassa a bari, a datse sauran. Jama'a suka ce madalla, suka koma suka ci gaba da cinna wa kututture wuta yadda suka gada. Sulle kaɗai ya riƙe maganar, har ya zarce. Gawo, marke, magarya, kanya, babu wanda bai samu gata ba. Yakan ɗaura musu jan tsumma don kada shanun huɗa su take su, maƙwabta kuwa suna tambayarsa yaushe za a yi sunan jariran.

An daɗe ana dariya kafin ta fara raguwa. Gawo da damina yake zubar da ganye, saboda haka geron da ke gindinsa ya samu taki da rana, ya fi na ko'ina tsayi. Da rani 'ya'yansa su zubo, Lauratu ta tara a buhu ta turke raguna, babbar sallah na matsowa masu saye su yi ta sallama. Rassan da ake datsewa suka raba ta da sayen itacen girki. Har kwano Sulle ya sa wa ɗakinta.

Ana haka Abdulhadi, babban ɗan Malam, mai shago a Karaye, ya biyo ta gonar da damina, ya gan ta cike da itatuwa. Hankalinsa ya tashi, kuma ba mugunta ba ce. A ƙasar nan mai aro yana shuka abin da zai girbe, amma ba ya dasa itace, domin bayan dattawa sun kau jikoki sai su nuna bishiya su ce kakanmu ya dasa, gona tamu ce. Ya ce a karɓi gonar da zarar an yi kaka.

Sulle ya tsorata ƙwarai, don ba shi da wata. Lauratu ta ce ya sare su ya tsira da gonar. Ya saɓa gatari ya fita, ya zagaya, ya dawo ya ce bakinsa ya dakushe. Ita kuwa ta san jiya aka wasa shi, sai ta fara neman mai sayen tunkiyarta mai ciki, don a samu kuɗin tashi in an karɓe gonar.

Malam da kansa ya zo bayan la'asar, yana dogara sanda, Abdulhadi na biye. Aka gaisa, aka tambayi iyali da damina, sannan ya ce, "Sulle, wanne ka dasa a nan?"

"Allah gafarta Malam, ko ɗaya ban dasa ba. A ƙasa na tarar da su, kashewa ce kawai na ƙi."

Malam ya taka har gindin wata kanya, ya daɗe yana dubanta. Ya ce ya san ta, mahaifinsa ne ya sare uwarta shekarar da ya yi wa rumbu gyara. Ya juya ya gaya wa ɗansa cewa in shaida ake nema, saiwar nan tasu ce tun kafin a haifi Sulle.

Ganin fuskar Malam ta saki, Sulle ya faɗi abin da ke cin ransa: dashen mangwaro da kashu da malamin gona ya ba shi suna bayan ɗaki a cikin leda, tsoro ya hana shi kai su gona. Malam ya yi dariya har rawaninsa ya karkace.

"Kai ka haƙa rami, ni in sa da hannuna, Abdulhadi yana gani. Itacen na gona ne, 'ya'yan kuma na mai ban ruwa."

Malam bai san da wa ya yi alkawari ba. Washegari ya tarar da ramuka jere har iyakar gona. Ya durƙusa ya dasa, ya miƙe, ya sake durƙusawa, har gwiwa ta fara ƙara. Can ya dafe ƙugu ya ce ya isa haka, a ajiye masa sauran sai baɗi.

Kalmar baɗin nan ita Sulle ya ji, ba sauran ba, don ta nuna gonar tana nan a hannunsa. Ya bar fartanya a bakin rami, ya nufi gida da sauri ya gaya wa Lauratu kada ta sayar da tunkiyarta mai ciki.