Hannun Daman Mato Mahauci

Shekara talatin Mato yana fawa a Zongon Lome, ba a taɓa cusa masa dabba mai ciwo ba. Kallo ɗaya zai yi wa saniya ya faɗa maka abin da ke damun hantarta. Da hannun damansa ya ciyar da gida, ya aurar da 'ya'ya huɗu. Rauninsa ɗaya ne: da ya ga mutum cikin kwat riƙe da takarda mai hatimi, sai wayonsa ya tafi hutu.

Da likita ya ce yana da hawan jini, Mato ya rantse ba zai sha maganin da mata ke talla a faranti ba. Kowane wata sai ya hau babur har unguwar Avédji, ya sayo nasa a kantin magani mai na'urar sanyi, ya dawo yana nuna wa abokan fawa kwalin. "Ku duba hatimi. Wannan ba na talaka ba ne!" Shekara biyu yana haɗiyar ƙwayar bayan sallar asuba, ko fashin rana ɗaya bai yi ba.

Ashe alli ne da sitaci. Kamfanin da ke kawo maganin ya gano cewa buga kwali mai kyau ya fi zuba magani arha, ko mai kantin bai sani ba. Wata Talata wuƙa ta suɓuce wa Mato, bakinsa ya karkace, hannun dama ya mutu murus. Teburinsa wani ya karɓe.

Aka yi bincike, ba shakka. Aka kwashe farantan matan talla aka ƙone a gaban kyamara. Shugaban kamfanin kuwa ya biya tara, ya sake wa kamfanin suna, ya yi wa ƙofa sabon fenti. Abin takaici, har ƙiba ya ƙara.

Da azumi ya zo, sabon kamfanin ya kawo wa marasa lafiyan Zongo sadakar shinkafa. Zahida, autar Mato, ta ce, "Baba, mutumin nan ne fa. Kada ka je." Amma Mato ya san tukunyar gidan ta kwana biyu a kife, don haka ya ja ƙafa ya bi layi.

Shugaban na tsaye cikin farar shadda, yana murmushi yana kallon mai hoto. Da layi ya zo kansa, Mato ya miƙa hannun hagu. Wani ma'aikaci mai kwat ya yi wuf ya tare shi.

"Haba, tsoho! A gaban patron, maigidanmu? Ba a koya maka ba? Da hannun dama ake karɓar kyauta."

Mato ya dubi hannun da ke lilo a gefensa, ya ɗago ya dubi shugaban.

"Na sani, ɗana," in ji shi a hankali. "Na daman ai patron ya riga ya karɓa."